HAIHUWAR FARI: WANE LOKACI NE YA DACE?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata tambaya da wani dattijo ya yi mini a masallacin unguwarmu, bayan an tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Mutum ne mai riƙo da addini, wanda ba a rasa shi a sahun farko. Ya jira jama'a suka watse, sa'annan ya matso ya ce: "Malam, 'yata ta shekara 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Manemi ya fito, yaron kirki ne, yana da sana'a, ni kuma na yarda da shi. Uwarta ta kafe a kan a dakata, wai jikin yarinyar bai isa ɗaukar ciki ba. Ni kuwa tsorona kada in bar Sunna saboda maganar likitoci." Na ce masa: "Baba, a ba ni lokaci in yi bincike." A gaskiya ina da amsa a zuciyata tun a lokacin, amma na san irin wannan amsa ba ta shiga kunnen dattijo sai da hujja, kuma na san ba shi kaɗai ne yake da wannan damuwa ba a cikinmu.

Abu na farko da ya wajaba mu yarda da shi shi ne cewa Shari'a ba ta yanke wani adadi na shekaru ta ce a nan ne mace za ta yi haihuwar fari ba. Duk wanda ya ce Sunna ita ce 13 ko 14, to ya kawo nassi; wanda kuma ya ce Musulunci ya wajabta 18 ko 21, shi ma ya kawo nasa. Abin da Shari'a ta zo da shi siffofi ne, kuma malaman fiƙihu sun bambance su daki-daki tun kafin a haifi kakannin likitocin zamani. Akwai balaga, wadda da ita ake fara rubuta wa mutum lada da zunubi. Akwai rushdu, wato hankalin iya tafiyar da al'amura, wanda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta haɗa shi da isa aure kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa. Sa'annan akwai abin da suke kira iɗaƙa, wato jiki ya iya ɗaukar nauyin zaman aure ba tare da cutuwa ba. Mu a ƙasar nan mun riƙe ta farko, mun yi watsi da biyun, har ya zama da zarar yarinya ta ga jinin al'ada sai a ce ai ta isa komai. Ku duba fa: Allah bai yarda a damƙa wa yaro 'yan awakin da ubansa ya bari ba sai an jarraba hankalinsa, mu kuwa muna damƙa wa yarinya ran jariri da nata ran a lokaci ɗaya ba tare da mun tambayi komai ba.

Ko a kan balagar ma, idan alamominta ba su bayyana ba, malamai sun saɓa a kan shekarun da za a yi hukunci da su. Shafi'iyya da Hanabila sun ce 15. Imamu Abu Hanifa ya ce 18 ga namiji, 17 ga mace. Mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka rene mu, shi ne 18. Na kawo wannan ne don wanda yake jin lambar 18 sai ya zabura ya ce kayan Turawa ne ya sani cewa tana cikin littattafan da ke zauren malaminsa.

Na san hujjar da za ta fara zuwa bakin mai karatu ita ce auren Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Mu ba ma ƙaryata ingantaccen hadisi don mu faranta wa wani rai. Amma a lura da abu biyu a cikin wannan ƙissa. An ɗaura auren a Makka, ba ta tare ba sai a Madina bayan shekara 3, wanda ya nuna ɗaurin aure daban, tarewa daban. Imamun Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo cewa Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su ɗaure lokacin tarewa da shekaru ba, sun rataya shi a kan ƙarfin jiki, wanda yake bambanta daga mace zuwa mace. Abu na biyu, Nana A'isha ba ta taɓa haihuwa ba. Saboda haka babu yadda za a ciro hukuncin shekarun haihuwar fari daga rayuwarta. Wadda ta haihu a gidan Annabta cikin 'ya'yansa, kuma zuriyarsa ta wanzu ta hanyarta, ita ce Nana Faɗima. Nasa'i ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sun nemi aurenta, Manzon Allah (SAW) ya ba su hanzari da ƙarancin shekarunta, daga baya ya aurar da ita ga Sayyidina Ali a shekara ta 2 bayan Hijira, ta haifi Hasan a shekara ta 3. Ashe uba ya dubi 'yarsa ya ce a dakata tukuna ba saɓa wa Sunna ba ne.

Wasu kuma suna kawo labarin da ake jingina wa Imamu Shafi'i cewa ya ga kaka 'yar shekara 21 a ƙasar Yaman. To, ya gani, ya kuma faɗa ne a babin mafi ƙarancin shekarun haila. Labarin abin mamaki ne ya bayar, bai yi wa kowa umurni ba. Haka ma Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya (AS) sun sami 'ya'ya a cikin tsufa, matansu sun wuce haihuwa, amma babu mai hankalin da zai ce wa 'yarsa ta jira sai ta tsufa don koyi da su.

Tunda Shari'a ta rataya al'amarin a kan ƙarfin jiki da rashin cutuwa, sai mu tambayi waɗanda suka san jiki, kamar yadda alƙali yake tambayar maƙeri a kan ƙarfe. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, fara haila ba ya nufin ƙashin ƙugu ya gama buɗewa. Yana ci gaba da faɗaɗa shekaru bayan nan. Yarinyar da ta tashi cikin ƙarancin abinci da yawan zazzaɓin cizon sauro, girmanta ya fi jinkiri. Idan ta ɗauki ciki a wannan hali, ita da ɗan tayin suna rabon abincin da ita kaɗai ma bai ishe ta ba. Ranar naƙuda kuma sai kan jariri ya zo ya tokare a ƙugun da bai isa ya wuce ba. Idan aka kwana biyu ko uku a haka, kan yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya zube, sai ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Wannan shi ne yoyon fitsari. A mafi yawan lokuta jaririn ma ba ya zuwa da rai. Ga kuma ciwon jijjiga, wanda hawan jini na masu ciki yake kawowa, kuma ya fi kama masu cikin fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa 'yan ƙasa da shekara 20 sun fi 'yan 20 zuwa 24 shiga haɗarinsa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Sau nawa aka ce iska ce ta taɓa yarinya, aka yi ta turare da tofi, alhali allura ce take bukata a cikin sa'a guda?

Wannan ilimi ba daga nesa aka kawo mana shi ba. A Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya take dogara da su: Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Nijeriya, da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Sun ga cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari, musamman 'yan 15 zuwa ƙasa, suna cikin waɗanda suka fi mutuwa, kuma waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, mutuwarsu ta ninka ta masu zuwa awo sau da yawa. Yau fiye da shekara 40 ke nan. Wanda yake shakka ya je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, ko sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, ko Jahun a Jigawa, ko Ningi a Bauci, ko Danja a jihar Maraɗi. Gani ya kori ji. Ya tambayi matan da ke kwance shekarunsu nawa ranar da abin ya same su, ya kuma tambaye su ina mazajensu.

Ni ban je don bincike ba, kai ni aka yi. 'Yar baffana ce, tare muka tashi a gida ɗaya a ƙauye, na girme ta da shekara 9. An yi mata aure ina makarantar Arabiyya, na zo biki na ci shinkafa na yi murna kamar kowa. Shekara ba ta zagayo ba ta koma gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta ranar Talata, ta ɓoye saboda kunyar ɗan fari, domin an koya mata cewa 'yar mutunci ba ta kuka ba ta faɗa. Ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani. Baffa ba ya gari, mijin yana wani gari, babu wanda ya ga yana da ikon cewa a fita da ita, sai ranar Alhamis da dare aka sami mota. An ciro yaron ba rai. Ita kuwa ta rayu, amma da lalurar da ta hana ta zama cikin mutane. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta yi mini a gadon asibiti, don ta san ina karatun addini: "Yaya, sallata tana karɓuwa kuwa?" Na yi mata bayanin hukuncin mai salasul bauli kamar yadda na haddace, cewa uzurinta karɓaɓɓe ne, ta yi sallarta. Na fito waje na rasa inda zan sa kaina, domin na iya babin tsarkinta, amma ranar da ake shawarar aurar da ita ban san ina da abin faɗa ba. Takardar sakinta ta iso kafin a sallame ta.

Adalci ya sa in faɗa cewa shekaru ba su kaɗai ne sanadi ba. Doguwar naƙuda ba tare da tiyata ba ita ce take kawo yoyon fitsari, kuma tana samun mace mai haihuwa ta bakwai kamar yadda take samun 'yar fari. Yankan gishiri yana kawo shi. Rashin hanya da rashin jini a asibiti da rashin kuɗin fiɗa suna kashe 'yar 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma wannan nauyi yana wuyan hukuma kafin kowa. Amma gyaran hanya ba a hannun uba yake ba, ranar tarewar 'yarsa kuwa a hannunsa take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan kashi 29 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari, a Kudu maso Yamma kuwa, inda su ma akwai miliyoyin Musulmi, kimanin kashi 6 ne.

Na san dalilin da ya sa da yawa cikinmu suke toshe kunne da zarar an ta da wannan magana. Tun taron yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, wanda Sa'udiyya da Sudan suka ƙaurace masa, Musulmi suke zargin cewa akwai masu son rage yawansu da kuma buɗe wa 'ya'yansu ƙofar fasadi. Zargin ba a banza ya taso ba, domin akwai masu hana yarinya aure a 17 amma ba su ga laifin ta yi saurayi a 14 ba, kuma mu ba ma tare da su. Sai dai ƙin maƙiyi bai kamata ya sa mu ƙi gaskiyar da ke cikin littattafanmu ba. Ƙa'idar kawar da cuta ɗaya ce daga manyan ƙa'idojin da aka gina fiƙihu a kansu, kiyaye rai kuma yana cikin manufofi biyar na Shari'a. Ikon tilasci da mazhabar Malik ta ba uba a kan 'yarsa budurwa an ba shi ne don ana kyautata zaton ya fi kowa tausayinta, ba a ba shi don ya cutar da ita ba. Daular Usmaniyya a dokar iyali ta 1917 ta sa 17 ga mace da 18 ga namiji bisa zancen Abu Hanifa. Sa'udiyya kanta, a dokar iyali ta 2022, ta hana rubuta auren wanda bai kai 18 ba sai kotu ta bincika ta tabbatar da maslaha. Ba na cewa dole mu kwafi dokar kowa, amma waɗannan ba a ce sun bar addini ba.

To, sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi shafar 'yan'uwanmu na birni da 'yan boko, kuma su ma ba zan raga musu ba. Akwai gidajen da yarinya take kai 30 tana jira, ba don ba ta da manemi ba. An ce sai ta gama digiri, yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022. An ce sai ta yi bautar ƙasa, sa'annan sai ta sami aiki. Saurayin kuma yana can yana tara kuɗin akwatunan lefe, uban yarinya yana bin bashin kayan ɗaki da gara, abubuwan da Allah bai saukar da wani dalili a kansu ba. Jikin mace kuwa ba ya jiran kowa. Samun ciki yana fara raguwa bayan 30, yana ƙara sauri bayan 35, ɓari yana yawaita, haka hawan jini da ciwon sukari na masu ciki, ga ƙarin mahaifa da ya yi yawa a cikin matanmu. Haɗarin haihuwar yaro mai lalurar nan ta Down, wanda bai kai 1 cikin 1,000 ba ga 'yar 25, yana kaiwa kimanin 1 cikin 100 ga 'yar 40. Ba ina tsorata wadda Allah bai kawo mata miji da wuri ba. Mata da yawa suna haihuwar fari lafiya a 35 da sama, kuma jinkirin da ba ita ta jawo ba ƙaddara ce da za a ba ta lada a kai. Maganata da iyayen da suka mai da aure kasuwa take. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da matasa masu hali su yi aure, mu kuma mun tsawwala halin har ya gagari mai albashi.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne da ke karɓar gyara, shi ne kada a bari yarinya ta ɗauki cikin fari kafin ta cika 18, idan an kai 20 ya fi, kuma kada a jinkirta da gangan har a haura 30. Tsakanin nan fili ne mai faɗi, wanda zai ishi yarinya ta gama sakandare, ta sauke Alƙur'ani, ta san hukuncin haila da biƙi da shayarwa, ta iya karanta takardar magani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan ƙauye. Kuma aure ba ya hana jami'a. Muna da 'yan'uwa mata da suka yi digiri da goyo, inda miji ya cika alkawarin da ya ɗauka.

Za a ce mini: idan ta lalace kafin nan fa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk uban da ya yi ta ba na ganin laifinsa. Amma ina roƙonsa ya duba ta wace ƙofa lalacewar take shigowa. Wanda yake ɗora wa 'yarsa farantin talla ta kai goma na dare a tasha, sa'annan ya ce tsoron fitina ne ya sa zai aurar da ita a 13, to ya fara sauke farantin. Wanda ya saya mata waya bai san da wa take magana ba, ya fara da wayar. Idan kuma an riga an ɗaura aure, ko akwai larurar da ta sa dole a ɗaura, to ƙofa biyu a buɗe suke. Ana iya jinkirta tarewa, kamar yadda ya gabata. Ana kuma iya jinkirta ɗaukar ciki: Jabir (RA) ya ba da labarin cewa sahabbai suna yin azalu a zamanin saukar wahayi ba a hana su ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta halatta jinkirta ciki na wani lokaci idan akwai bukata da Shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar miji da mata, ta hanyar da ba ta cutarwa, ta kuma haramta kashe mahaifa ba da larura ba da kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya. Angon da ya kai amaryarsa wurin likita mace suka yi wannan shawara bai yi abin kunya ba. Ranar da cikin ya samu kuma, ya ba da izinin zuwa awo da na fita asibiti tun kafin naƙuda, ya faɗa a gaban uwarsa da surukarsa, don kada a kwana ana jiran dawowarsa. Ina kira ga limamanmu da masu wa'azin mata su faɗa a fili cewa kunyar ɓoye naƙudar fari al'ada ce, ba ta cikin kunyar da addini ya yaba.

Na koma wurin dattijon nan bayan mako biyu da littattafai a hannu, muka zauna a zaurensa, na karanta masa abin da na karanta muku. Bai ce mini na yi daidai ba. Ya yi shiru, can ya ce: "Malam, to yaron fa? Na riga na ba shi baki." Na ce: "Baba, a kira shi a gaya masa gaskiya. Idan mai son ta ne don Allah, zai jira ta gama makaranta, shi ma ya ƙara kafuwa a sana'arsa." Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa, domin akwai yayansa a ƙauye wanda ba a yanke magana sai da shi. Har ranar da nake wannan rubutu ban ji an sa rana ba, kuma jiya da safe na ga yarinyar ta wuce da kayan makaranta.